Ranar da Rediyo Ta Yi Shiru

"Ajiye matajin nan ki saurare ni!"

Yaya ce ta faɗo shagon kitson ko sallama babu, mayafi a hannu, tana haki kamar wadda aka koro. Rediyo na tsaye a kan wata malamar makaranta, ta kai rabin kai, labarin da take bayarwa kuwa ya kai inda ya fi daɗi.

Rediyo dai kowa ke kiranta tun tana yarinya, don bakinta bai san hutu ba. Da ta girma sai bakin ya zama jari. Kitso zafi gare shi, kuma ta daɗe da gane cewa in ana so mace ta zauna ba motsi, sai a ba kunnenta aiki. Hannu na tsaga, baki na zuba. Duk labarinta kuma da kalma guda yake farawa: "Wata ƙawata ce..." Matan da ke zuwa shagon sun sha cewa ƙawayen Rediyo sun fi gashin kanta yawa.

"Yaya, lafiya? Umma ce?"

"Umma ƙalau take. Mijinki ne!"

Rediyo ta saki matajin. Mijinta direba ne, shi ke jan motar ma'aikatan wani kamfani, ya kai su da safe ya kwaso su da yamma. Matar direba kuwa in aka ce mata "mijinki ne", titi take fara gani.

"Hatsari?"

"Ina ma hatsarin ne, a yi jinya a tashi! Kin san inda yake yini in ya sauke ma'aikata? Shagon gilashin ido da ke bayan asibiti. Wata mata ce a ciki. Sau biyu ina ganinsa, na ce bari dai in tabbatar. Yau da idona na gan shi ya baje a kujera, kofi a hannu, yana dariya har da dukan cinya!"

"Dariya?" in ji Rediyo a hankali.

Duk cikin maganar wannan ce ta soke ta. Rabon da ta ji dariyar mijinta a gida har ta manta.

Ta ja Yaya bayan labule, amma ina, aikin gama ya gama. Matan da ke layi sun riga sun gyara zama.

"Ai duk haka suke," in ji wata. "Nawa ko ƙofar gida ba ya fita, a waya yake nasa. Yana kusa da ni yana wa wata murmushi."

"Ke kin samu yana kusa da ke. Nawa ofis ya aura. Wallahi da mace ce da na san da wa zan yi faɗa."

"Ni abin da ban gane ba shi ne dalili," in ji malamar makarantar, rabin kanta a tsefe. "Wani a ce gida ba daɗi, wani kuma komai an yi masa, ido ne kawai ba ya ƙoshi. Wata ma ramuwa ce ke kai ta."

Da a ce wata ranar ce, Rediyo ce za ta karɓe zancen ta kawo ƙawaye uku a kai. Yau ko ɗaya ba ta kawo ba.

"Ki haɗa kayanki ki ɗauko 'yarki Ƙarama ku taho gida," Yaya ta ce da ita, ba ta ko rage murya ba. "Ni zan yi wa Umma bayani. Ba a kanki za a fara wannan wulaƙancin ba."

"Ki bari in ji daga bakinsa, Yaya..."

"Bakin nasa da ba ya buɗewa? To ki ji. Jibi zan zo ki yi mini kitso, ki faɗa mini komai, mu san abin yi."

Da yamma ya dawo kamar kullum. Ya rataye makullin mota a ƙusar bayan ƙofa, ya ɗaga Ƙarama sama ya sauke, ya wanke hannu ya ci abinci.

"Ya aikin?"

"Lafiya lau."

"Babu wani labari?"

"Babu."

Ta zuba masa ido. Mutumin nan da can shi ne ke tsayawa a bakin shagon uwar ɗakinta, lokacin tana koyon sana'a, ya ce shi fa ba zai tafi ba sai an kunna masa rediyonsa. "Rediyona," yake cewa, "in kika yi shiru ji nake kamar an ɗauke wuta a duniya." Shi ma a lokacin ba baya ba ne wurin zance. Ba abin da ke kwana a cikinsa bai faɗa mata ba.

Yaushe abin ya canja? Ta lalubo ta lalubo ta rasa. Ba su yi faɗa ba. Bai rage ta da komai ba. Kawai dai ta wayi gari ta ga ita kaɗai ke magana a gidan, shi kuma yana gyaɗa kai.

Ta buɗe baki za ta tambaye shi, tsoro ya rufe mata shi. Idan ya ce eh fa?

Washegari da hantsi ta bar shagon a hannun masu taya ta, ta nufi bayan asibiti. Ta wuce ƙofar shagon gilashin ta dawo, ta sake wucewa. Ta shirya maganganu masu zafi tun daga gida, ta kuma shirya ganin wata 'yar gayu mai kashe ido. Da ta tura ƙofar sai ta tarar da mace da ta girme ta, cikin farar riga, ba ko kwalli, tana goge gilasai da ɗan ƙyalle.

Matar ta ɗago, ta dube ta, sai hannunta ya tsaya.

"Maman Ƙarama ce, ko?"

Rediyo ta ja da baya. "A ina kika san ni?"

"Ya nuna mini hotonku. Bismillah, zauna. Ya tarin nata? Ya ce yana hana ta barci."

Rediyo ba ta zauna ba. Kujera ɗaya ce ta baƙi a shagon, kusa da taga, kuma ta san ta wace ce. Wato har tarin 'yarta an kawo nan an tattauna!

"Na ji daɗi da kika zo," mai gilashin ta ci gaba, tana kame-kame. "Na yi ta ce masa ya kamata ki san ranar aikin, don dole a samu mai riƙe masa hannu in an fito da shi..."

"Wane aiki?"

Mai gilashin ta yi tsuru-tsuru. Ta ajiye ƙyallen.

"Bai faɗa miki ba."

"Baiwar Allah, wane aiki za a yi wa mijina?"

"Yanar ido ce ta fara rufe masa na hagu. Abin da ya fara kawo shi ke nan, ya zo gwaji. Na tura shi wurin likita, an ce sai an kankare. Ba wani babban aiki ba ne, amma yana tsoron kada kamfani su ji kafin a yi, su karɓe makulli su ba wani."

Rediyo ta dafa kanta. Idon da yake tuƙi da shi! Idon da take kallo kullum a kan tabarmar cin abinci! Wata can ta sani, ita da ke wanke masa kaya ba ta sani ba.

"Gwaji sau ɗaya ake yi," ta ce. "Me yake dawowa yi kullum?"

Matar ta sake ɗaukar ƙyallen.

"Hira. Wallahi ko hannuna bai taɓa riƙewa ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, 'yar'uwa, don ba ki cancanci ƙarya ba... Ni ma ina da miji. Aiki ya kai shi nesa, in ya bugo waya yara yake tambaya ya kashe. Tun ina ce wa kaina taimako nake yi, har na kama kaina ina duban ƙofa in azahar ta yi. Na san ba daidai ba ne. Na sani."

Da matar ta yi musu ko ta ɗaga murya, da Rediyo ta samu abin kamawa. Sai ta tsaya da zaginta a baki, ta rasa inda za ta sauke shi.

"Me yake samu a nan da babu a gidansa?"

"Wannan shi za ki tambaya." Mai gilashin ta sunkuyar da kai. "Abu ɗaya ya taɓa ce mini. Ya ce in ya ajiye magana a shagon nan, a nan yake dawowa ya same ta."

Da ya dawo da yamma ba ta bari ya rataye makulli ba. Ta riga ta kai Ƙarama gidan maƙwabta.

"Na je shagon gilashi."

Ya tsaya cak. Makullin ya yi ƙara a hannunsa.

"Wa ya..."

"Ba shi ne abin tambaya ba! Aiki za a yi maka a ido, sai a bakin wata zan ji? Ni mece ce a gidan nan? Mai dafa abinci?"

"Ki saurare ni. Babu komai tsakanina da ita. Na rantse miki ban taɓa..."

"Ba ka taɓa hannunta ba, na ji! Ita ma ta faɗa! To ni ina ruwana da hannu? Dariyarka ka kai mata! Tsoronka ka kai mata! Ka kwashe duk abin da na aura ka kai can, ka dawo mini da 'lafiya lau'! Wallahi da hannun nata ka riƙe sau ɗaya ka saki, da ya fi mini sauƙi!"

Kuka ya ƙwace mata. Shi kuwa ya zauna a hannun kujera, ya haɗa tagumi.

"Gaskiyarki," ya ce can. "Ban da bakin kare kaina. Tun ranar da na ga ina goge takalmi kafin in shiga shagon nan na san na fara cin amanarki."

"To me ya sa? Me na rage ka da shi? Tsufa na yi?"

"Kada ki sa in faɗa."

"Sai ka faɗa!"

Ya ɗago ya dube ta. A karo na farko ta lura da ɗan farin da ke cikin idon hagun.

"Kin tuna bayan hatsarin nan da na yi, da mota ta ƙwace mini a kan gada?"

"Na tuna."

"Kin tuna abin da na gaya miki a ɗakin can? Cewa in na shiga mota hannuna rawa yake, ba na iya murɗa makulli sai na kama takalmin Ƙarama da na rataye a jikin madubi, na riƙe shi ina kuka kamar yaro? Na ce miki ko mahaifiyata ban gaya wa ba."

Ta gyaɗa kai.

"Ba a yi wata ba, na shiga gareji da safe na tarar an ɗaure mini tsumman goge hawaye a jikin sitiyari. Direbobi na ta shewa. 'Ga mai takalmi nan! A ba shi takalminsa kada ya yi kuka!' Manaja ya kira ni ofis, ya ce ya ji an ce hannuna na rawa, shin zan iya da rayukan mutane? Sai da na yi rantsuwa kafin ya bar mini motar. Matar bakaniken kamfani a wurinki take kitso, Rediyo."

Ta tuna. Wayyo, ta tuna! Matar bakaniken ce ta zo ranar da ido a kumbure, tana cewa mijinta ya zama dutse, maza ba su da zuciya. Ita kuma don ta sanyaya mata rai ta ce, "Kada ki ce haka. Wata ƙawata ce, mijinta direba..." Ba ta faɗi suna ba. Amma ta faɗi takalmin, don shi ne ya sa labarin daɗi. Motar kamfani guda nawa ce ke yawo da jan takalmin jariri a madubi?

"Ban ambaci sunanka ba..." ta ce da ƙyar. "Wallahi yabonka nake yi. Nuna mata nake yi kana da zuciya..."

"Na sani. Shi ya sa ban iya yi miki faɗa ba. Da mugunta kika yi da na yi fushi ya wuce. Amma ke ba ki ma san kin yi ba. Sai na cire takalmin na sa a aljihu, na ce daga yau abin da ke cikina ya zauna a cikina."

"Shekara biyu! Ka hukunta ni shekara biyu ban san laifina ba!"

"Wannan kuma nawa ne. Ragwanta ce. Gaya miki ya fi wuya, zama a kujerar wata ya fi sauƙi."

A waje wani mai babur ya wuce yana ta danna oda.

"Kana sonta?"

"Ina son yadda nake ji in na yi magana ba tsoro. Da na ci gaba da zuwa... ban sani ba. Ba zan ƙara taka shagon ba, ko ki yafe mini ko kada ki yafe."

Ta so ya ce a'a kai tsaye. Amsar ta yi mata ciwo, amma ta san gaskiya ce, kuma rabonta da samun gaskiya mai tsawo haka daga bakinsa an daɗe.

"Yaya ta ce in tattara in koma gida. Gobe za ta zo shago jin bayani."

Ya runtse ido. "Idan maganar idon nan ta shiga shagonki, kafin in karɓi hutun da na nema ta isa gareji. Ba zan roƙe ki ba. Yanzu kin sani, tana hannunki."

Da gari ya waye ta tafi shago kamar mai zuwa kotu. Shagon ya cika fiye da kullum, har da waɗanda kitsonsu ko tsufa bai yi ba. A can ƙarshen benci, ga matar bakanike tana tsefe kai.

Yaya ta iso, ta zauna a kan kujerar tsakiya ta cire ɗankwali.

"To, ina jinki. Kin je? Wace ce? Me ya ce?"

Rediyo ta ɗauki kibiya ta fara tsaga. Layin farko ya karkace, ta goge ta sake.

Maganar na nan a bakinta, a shirye tsaf, har ta san ta inda za ta faro. Jimla ɗaya ta isa ta wanke ta. In ta ce ciwon ido ne ya kai shi, shi ke nan, an daina yi mata kallon wadda miji ya gudu ya bari. In ta yi shiru kuwa, kowace mace a shagon za ta tafi da nata fassarar, kuma babu mai daɗi a ciki.

"Ke nake saurare!"

"Mun yi magana, Yaya."

"Sai aka yi yaya?"

"Mun yi magana."

Yaya ta waiwayo har gashin ya zame daga hannun Rediyo. "Ni za ki ɓoye wa? Ni da na goya ki? Na kwaso ƙafa na zo na tona miki abin da ake yi miki a bayan ido, yau ni ce bare?"

Hawaye ya cika idon Rediyo. Tun da take ba ta taɓa ɓoye wa Yaya ko ciwon kai ba.

"Ba bare ba ce ke, Yaya. Na gode da kika faɗa mini, har ga Allah. Amma ba zan taho gida ba. Sauran maganar kuma ba tawa ba ce ni kaɗai."

"Asiri ya yi miki!"

"Sunkuyar da kanki, Yaya, kada layin ya karkace."

Haka aka yi kitson nan ba labari. Yaya ta yi ta tsaki tana cewa ana ja mata gashi, wai ashe dama haka hannun yarinyar nan yake da zafi. Wata ta ce ko batirin Rediyo ne ya ƙare, aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Da suka ga ba za a samu komai ba, 'yan kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta ɗaura ɗankwalinta ta fice ba sallama. Rediyo ta san wannan fushin zai daɗe, kuma sai ta sha zarya kafin ya sauka.

Azahar ta yi. Tana share gashin da ya zuba, zuciyarta na can bayan asibiti. Yanzu ne lokacin. Ya tafi ne, ko bai tafi ba? Ta ɗaga kai ta dubi titi ya fi a ƙirga.

Sai ta ji ƙugin injin da ta sani ko cikin barci.

Motar kamfanin ta tsaya a tsallaken titi. Bai fito ba, don namiji ba ya shiga shagon mata. Ta jingine tsintsiyar ta tsallaka, ta buɗe ƙofa ta hau kujerar gefensa.

"Yaya ta zo?"

"Ta zo."

"Me kika ce mata?"

"Na ce ta sunkuyar da kai."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da ɗan jan takalmin, duk ya koɗe, igiyarsa ta yi baƙi. Ya miƙa mata. Hannunsa na rawa, kuma bai ɓoye ba.

"Rediyona... tsoro nake ji. An ce a farke za a yi mini aikin, ina ji ina gani. In wuƙar ta zame fa? In na tashi ban ga fuskar Ƙarama ba fa?"

Baki ya cika mata da magana. Tana da ƙawa wadda aka yi wa mahaifinta irin aikin, tana da wata wadda mijinta... Ta haɗiye su duka. Ta karɓi takalmin ta ɗaure shi a jikin madubi, ta kama hannun nan mai rawa da hannayenta biyu masu ƙamshin man kitso.

"Ci gaba," ta ce, hawaye na zubo mata. "Ina jinka."